Daɓen da Na Gyara wa Kawu

Kawu ne ya kawo ni Guangzhou, a ƙarshen shekarun casa'in, lokacin da in ka ga baƙin mutum a unguwar Xiaobei sai ka tsallaka titi ka je ku gaisa, don ba ku da yawa. Ƙanin mahaifiyata ne, mutumin Maraɗi, ɗan kasuwar yadi. Ni kuwa a Kano aka haife ni, don haka bai taɓa kirana da sunana ba sai Bakano, ko ana daɗi ko ana faɗa. Na haura talatin a lokacin, ina da mata da 'ya'ya biyu a gida, amma a wajensa ni ne mai ɗaukar jaka.

Mun kama ɗaki a ƙasan gidan wata tsohuwa, can cikin lungunan da ke bayan babban titi. Ɗakin ba laifi, sai dai daɓensa. Siminti ne mai sanyi da danshi, ko darduma uku ka shimfiɗa sai ya ratso. Kawu ya wuce sittin, kuma gwiwoyinsa sun daɗe suna ba shi wahala. Wata biyu a ɗakin nan suka ƙarasa lalacewa. In zai yi sujada sai ka ji yana nishi, in zai tashi sai ya dafa kafaɗata. Wani likita da muka je wajensa ya nuna masa kujera, ya kwatanta masa da hannu cewa ya riƙa sallarsa a zaune. Kawu ya yi masa godiya, muka fito. A hanya ya ce da ni shi komai zai iya haƙura da shi a garin nan, abincinsu, yarensu, kallon da ake binmu da shi, amma ban da wannan. Tun yana ɗan shekara bakwai goshinsa ke taɓa ƙasa, kuma ba a China zai daina ba.

To a bayan gidan akwai wani fili mai daɓen siminti, inda tsohuwar take tara gawayin girki. Kawu ya yi ta lallaɓa ta, da hannu da murmushi da 'yan kalmomin da ya tsinta a kasuwa, har ta yarda a gina mana ɗakin katako a wurin, a ɗaga daɓensa sama da simintin yadda sanyi ba zai kai ga ƙafa ba. Sharaɗinta ɗaya, ita za ta kawo kafinta. Ta kawo wani ɗan'uwanta daga ƙauye.

Tun daga nan na sa masa ido. Mai gida ta kawo ɗan'uwanta ya yi wa baƙi aiki, baƙin da ba sa jin yare, ba su san kasuwar katako ba, ba su da wanda za su kai wa ƙara. Ai ko yaron goye ya san inda labarin zai ƙare. Kuma ni ba baƙon katako ba ne. Mahaifina kafinta ne, a shagonsa na tashi, na riƙe zarto kafin na riƙe biro.

Mutumin gajere ne, siriri, da sigari maƙale a bayan kunne da kwalbar shayi rataye a kekensa. Ba ya kallon idon mutum. Kawu yana ce masa shifu, wai haka suke kiran gwanin sana'a, ni kuwa a bakina mutumin nan ne kawai. Ya kafa ginshiƙai, ya ɗaure bango, ya ɗora kwano, duk cikin kwanaki kaɗan. Na zagaya, na girgiza, na leƙa kowace kusurwa, ban sami abin kushewa ba. Wallahi haushi na ji. Na ce a raina, ai dama a inda ido ke gani ake yin aikin kirki, bari mu zo daɓe, wanda kafet zai rufe.

Ya jera bulo a kan simintin, ya shimfiɗa baƙar takarda mai kwalta a kansu, sannan ya ɗora dogayen katakan da za su ɗauki daɓen, kamar taƙi ɗaya sama da ƙasa. Da siririyar tiyo mai ruwa a ciki yake daidaita su, ya kalli ruwan a wannan bakin, ya je ya kalli wancan. Nan ma ban ga aibi ba. Sai aka kawo katakon filawud a keke mai ƙafa uku, manyan faifai masu kauri. Na ɗauka ranar za a buga. Ina! Sai ya jera su a cikin ɗakin, ya sa 'yan sanduna a tsakaninsu, ya ɗauki kwalbar shayinsa ya tafi. Washegari ya zo ya shafa su ya tafi. Jibi ma haka.

Me ake jira? Na tambaye shi da hannu, ya nuna faifan, ya nuna iska, ya ɗaga yatsu huɗu. Ni dai abin da na gano shi ne, ana so mu gaji da gadi a zo a musanya masu kyau da ruɓaɓɓu. Na ɗauki biro na yi wa kowane faifai ɗan alama a gefe, inda ba zai lura ba. Kullum da safe kafin mu fita kasuwa sai na je na duba alamomina. Suna nan. Ban ji daɗin hakan ba ko kaɗan, sai na ce ya gane na yi alama ne.

Rana ta biyar ya fara bugawa. Na ce wa Kawu kaina na ciwo, ya tafi kasuwar Guangyuan shi kaɗai, ni kuwa na jawo kujera na zauna a bakin ƙofa. Layi na farko ya tafi daidai. Da ya zo na biyu sai ya raba faifai biyu ya fara da rabi, don kada gaɓoɓin su haɗu a layi ɗaya. Wannan na san shi, mahaifina ma haka yake yi, amma duk da haka sai da na bi ɗaya rabin da ido na ga inda ya ajiye shi. Abin da ya tayar min da hankali daban ne. Duk faifan da zai ajiye kusa da ɗan'uwansa, sai ya soka ƙusa a tsaye a tsakaninsu, ɗaya a nan ɗaya a can, ya matso da faifan har ya taɓa ƙusoshin, ya buga, sannan ya zare su. Sai ga tsaga, daga wannan bango har wancan. A jikin bango kuwa har yatsana yana shiga. Bai tsaya nan ba, ya huda ramuka a gindin bango, biyu gabas biyu yamma, ya rufe su da 'yar raga.

A shagon mahaifina, in ka haɗa falanki biyu ya zo ya gwada da reza ta shige, ranar kunnenka zai gaya maka. Katako a Kano ƙanƙancewa yake yi. Ka matse shi yau iya ƙarfinka, rani ɗaya ya ba ka tsaga, balle ka bar masa da hannunka. Wanda duk ya bar tsaga, ko rago ne, ko yankansa ya karkace yana ɓoyewa. Kuma ni abin da ya fi ci min rai, don me ake ginin nan gaba ɗaya? Don sanyi kada ya kai gwiwar Kawu. Ga mutum ya buɗe wa sanyi ƙofa huɗu a ƙasa, ya kuma tsaga masa hanyar hawowa sama, har da kyankyasai a kyauta. Na tambayi kaina, a ɗakin uwarsa zai yi haka?

Na tashi na sa ƙafa na tura faifan da bai buga ba ya manne da na kusa da shi. Ya ɗago, karo na farko ya kalli idona. Ya girgiza kai, ya mayar da faifan inda yake, ya sake soka ƙusarsa. Na sake turawa. Sai ya ajiye guduma, ya nuna katakon, ya kumbura kumatunsa, ya buɗe hannuwansa a hankali. Ba zan yi ƙarya in ce ban gane ba. Na gane sarai, yana nufin katakon zai kumbura. Yarda ce ban yi ba. Da ya ga haka sai ya ɗauki wani guntu ya jefa a bokitin ruwa, ya ɗora dutse a kai. Da safe ya ciro ya kara shi da busasshe ya nuna min, gefen ya yi kauri. Na ce masa da Hausa, to waye zai kwana yana jiƙa mana ɗaki a bokiti? Kuma wa ya tabbatar min guntun jiya ne?

Da yamma na kai ƙara wajen Kawu, na zayyana masa komai, har da kyankyasai. Yana ta shafa man zafi a gwiwa yana saurarona. Da na gama ya ce, "Bakano, mutumin nan a garin nan ya tsufa. Kai ko damina ɗaya ba ka yi a nan ba. Ka bar shi ya yi aikinsa."

A raina na ce Kawu yadi ya sani. In ya murza shadda da yatsa biyu zai gaya maka masaƙar da ta fito, amma katako ba layinsa ba ne, kuma shi dama kowa mutumin kirki ne a wajensa.

Aikin ya ƙare dab da bikin sabuwar shekararsu, lokacin da garin ke watsewa kowa ya tafi ƙauyensu. Mutumin ya share ɗakin tas, ya tattara kayansa, Kawu ya riƙe hannunsa da hannu biyu yana ta shiye-shiye, wato godiya. Ni ko tashi ban yi ba. Ya hau kekensa ya tafi, kuma ban sake ganinsa ba. Kwana biyu bayan nan Kawu ya bi wasu 'yan Yamai zuwa wani gari, ganin wani mai masaƙa kafin a rufe, ya bar min sallahun in sayo kafet in shimfiɗa.

Na sayo kafet ɗin. Na kuma sayo guduma da abin zare ƙusa.

Kwana uku na yi ina aikin nan, ni kaɗai, ƙofa a rufe. Na zare ƙusoshin layi-layi, na matso da kowane faifai, na sa guntun katako ina dukansa da guduma har sai da ya manne da ɗan'uwansa yadda ko gashi ba zai shiga ba. Gibin da ya taru a jikin bango na yanko siririn katako na cusa, na daddanna. Ramukan nan huɗu na cika su da takardar buhun siminti, na buga musu guntaye daga ciki. Da na gama na ɗauko rezar aski na bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya. Ba ta shiga ko'ina ba. Na zauna a tsakiyar ɗakin hannuna duk kanta, ina jin kaina kamar wanda ya ceci rai. Har na yi ta tunanin da mahaifina zai gani.

Kawu ya dawo muka tare a sabon ɗakin. Kuma gaskiya ɗakin ya yi daɗi. Babu sanyin nan mai ratsa ƙashi, in ka taka sai ka ji ɗumi-ɗumi. Sati biyu da tarewarmu, muna sallar azahar, na miƙa kafaɗa kamar kullum sai na ji ba a dafa ba. Ya tashi da kansa. Da muka sallame ya ɗaga hannu ya yi ta yi wa shifu addu'a, Allah ya shirye shi, Allah ya yi wa hannunsa albarka. Na ce amin, ina dariya a ciki, don na san hannun da albarkar za ta sauka a kai.

Sai wani yanayi ya shigo wanda ban taɓa ganin irinsa ba. Ba ruwan sama ba ne sosai, iskar ce kanta ta jiƙe. Bangon gidan tsohuwar ya riƙa zufa, ruwa na gangarowa kamar an watsa. Ka shanya riga kwana uku ka ɗauke ta da danshi. Takalmina na fata da ke ƙarƙashin gado ya yi furfurar kore. A cikin kwanakin nan daɓen ya fara magana, in ka taka nan ya yi ƙara a can. Wata safiya na ji wani ɗan tudu a ƙarƙashin kafet, dogo, daidai kan gaɓa. Na jira Kawu ya fita, na ɗaga kafet na ƙara ƙusoshi. Bayan kwana biyu tudun ya ɓullo a wani wurin, kusa da ƙofa.

Kun san abin da na ce? Na ce ashe dai ya musanya filawud ɗin. Na durƙusa ina neman alamomin birona a gefen da ya tashi, na kuwa ga ɗaya, ƙuru-ƙuru. Sai na ce to tun a kasuwa ya zaɓo marar kyau. Komai zan iya yarda da shi a lokacin, ban da abin da ke gabana. Na mayar da kafet na ce ranar Juma'a zan zauna in gyara sosai.

Ranar Laraba da la'asar muka yi baƙi biyu, 'yan Kano, sun zo a duba musu kaya. Aka ce a yi jam'i kafin a fita. Kawu ya yi alwala a waje, ya shigo da sauri don kada ya tsayar da mutane, yana warware hannun riga. Bakin faifan nan na kusa da ƙofa ya ɗago ya kai kaurin yatsa biyu, kafet ya rufe shi. Babban yatsan ƙafarsa ya kama. Ya tafi gaba ɗaya, da duk nauyinsa, a kan gwiwar dama, kuma a kan tudun farko, wanda ya sake tasowa a tsakiyar ɗaki, ya sauka. Na ji ƙarar. Bai yi ihu ba, salati kawai yake yi, fuskarsa ta yi fari.

A asibiti suka ce ƙoƙon gwiwar ya fashe. Suka yi aiki, suka ɗaure ƙafar a miƙe. Da aka kwance bayan makonni, ta ƙi lanƙwasuwa sai ɗan kaɗan, kuma likitan ya nuna mana da hannu cewa iyakarta ke nan.

'Yan uwanmu na Xiaobei sun yi zumunci, kullum ɗakin asibitin a cike. Kuma kullum zancen ɗaya ne, aikin mutanen nan ke nan, a ido kyau, a ciki ruɓa, an ga baƙi an yi musu aikin banza. Waɗanda suka ga faɗuwar su ne kan gaba wajen ba da labari. Wani ya juyo ya ce ai Bakano ya faɗa tun farko, ba a saurare shi ba. Na sunkuyar da kai, suka ɗauka tawali'u ne. Ranar da biyu daga cikinsu suka raka ni ɗaukar wa Kawu kaya, tsohuwar ta biyo mu ɗakin. Ta yaye kafet, ta dubi gaɓoɓin, ta fita ta zagaya bayan bango ta tsuguna. Ta sa sanda ta zaƙulo takardar buhun siminti, baƙa ƙirin, tana ɗigar ruwa, wani wari ya biyo ta. Ta ɗaga ta a gabana tana faɗa. Abokan tafiyata suka ce ka ji ta, kare ɗan'uwanta take yi. Na ce musu mu tafi kawai.

Sai ana gobe zai koma gida na iya buɗe baki. Muna ɗakin siminti na da, yana kan gado ƙafar a miƙe, ina ɗaure masa jaka. Na ce Kawu, akwai maganar da zan faɗa. Na faɗa masa duka, da ƙusoshin, da ramukan, da rezar, ban rage komai ba. Ina magana ina kallon igiyar da ke hannuna.

Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Na ga ramukan a toshe tun ranar da na dawo."

Na ce, "To me ya hana ka magana, Kawu?"

Ya ce, "Na ce a raina ka fi ni sanin katako."

Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Abu ɗaya ya nema, in je in faɗa a gaban waɗanda na yi shiru a gabansu, in kuma nemi tsohuwar ta kai wa shifu saƙon ban haƙuri. Na yi duka biyun. Mutanenmu wasu suka yi salati, wasu suka ce duk da haka dai ba a shaidar mutanen nan. Tsohuwar ta saurari ɗan Kumasin da na roƙa ya yi min tafinta, ta gyaɗa kai ta shige ciki. Ko ta kai saƙon, ko ba ta kai ba, ban sani ba har yau.

Kawu bai sake zuwa China ba. Shekarar da ta biyo na je Maraɗi gaishe shi. Da aka kira azahar ya ce in ɗauko farar kujerar roba da ke zaure, muka taka a hankali zuwa masallacin unguwa, yana dogara sanda. Wurinsa a ƙarshen sahu ne, jikin bango, inda ƙafar za ta samu wurin miƙewa. Na tsaya kusa da shi. Da liman ya yi kabbarar sujada sahu duka ya tafi ƙasa, na tafi tare da su, ta gefen idona ina ganin ƙafarsa a miƙe, da hannuwansa a kan cinya, ya sunkuyo iya inda bayansa ya ba shi dama. Ban san abin da na karanta a sallar nan ba. So nake kawai a sallame.

Bayan an watse ya zauna yana jan carbi, ni ina gefe a ƙasa. Sai ya taɓa kafaɗata da bakin sandarsa.

Ya ce, "Bakano, na ga ko a nafila sauri kake yi a sujada. Kai da kake iya kaiwa ƙasa, ka riƙa daɗewa."

Na taimaka masa ya miƙe, na ɗauki kujerar muka fita.